Rijiyar da Ke Haƙa Kanta Ran Juma'a

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, akwai abu ɗaya da na san ba zai iya ɗauka ba, wato labarin wata rijiya da muka haƙa a wani ɗan ƙauye yamma da Bagudo, dab da iyakar Dahomey, ƙasar da yaran yanzu suka sani da Benin. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ni kuwa a lokacin saurayi ne sabon fitowa daga makaranta, an ɗauke ni malamin awo a cikin ayarin masu haƙa rijiyoyin siminti. Ga gajeren wando, ga fensir a bayan kunne, ga littafi a hammata. Wallahi ko Gwamna bai kai ni jin kai ba.

Garin nan ba ruwa. Da bazara mata kan yi sammako su tsallaka iyaka zuwa wani tafki, ba su dawowa sai rana ta take. Shi ya sa ranar da muka sauka har guɗa aka yi mana. Amma Injiniyanmu, wanda ke zuwa da mota sau ɗaya a mako, ya kafa doka a gaban kowa: in aka kai ƙafa saba'in ba a taɓa jiƙaƙƙen yashi ba, za a naɗe kaya a yi gaba, don garuruwa da yawa na jira.

Kafin a sa diga, ya buga wani turken ƙarfe mai jan fenti a gefen gonar da ke kusa. Ya ce da ni, “Bakin rijiya ba abin yarda ba ne. Yau a tara ƙasa, gobe a ɗora siminti. Daga kan turken nan za ka riƙa awo kullum. Ka ja zare daga kansa, ka daidaita shi sak har saman rami, sannan ka saki tef. Kuma yau ɗin nan ka zuba masa siminti a gindi.” Na ce to, ranka ya daɗe. Motarsa na ba da baya na ce gobe ma rana ce. Goben nan ba ta zo ba.

Washegari mai gonar ya same ni ina awo. Dattijo ne siriri, mai ɗan gemu, kullum da gatari a kafaɗa. Ya yi sallama ya tsuguna, ya daɗe yana kallon turken, sannan ya ce, “Malam, wanga ƙarhe na mine ne?” Ban ko ɗaga kai ba na ce, “Na gwamnati ne. Ko na yi maka bayani ba za ka gane ba.” Ya ce, “To, Allah shi ba da sa'a,” ya tashi. Yau in na tuna amsar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Aiki ya kankama. Shugaban mahaƙanmu wani tsoho ne da kowa ke kira Baba, wanda ya fara shiga rami tun ba a haife ni ba. Shi ma yana da nasa awon: igiya mai ƙulli-ƙulli, tsakanin ƙulli da ƙulli gaba guda, wato ƙafa shida, yana sakin ta daga wani gungumen giginya da ya gindaya a bakin rami tun ranar farko. Ni kuwa dariya nake yi wa igiyar nan, ina ce mata awon kakanni.

Sai abubuwan mamaki suka fara. Da farko a durƙushe nake ɗaura zarena a jikin sandunan da ke riƙe da kurar jan guga. Bayan kwana kaɗan sai a tsaye. Can sai na ga sai na yi ɗage. Daga baya har durom nake hawa. Zaren ma ya riƙa gazawa, na ce zafin rana ne ya sa ya ƙanƙance, na samo wani na ƙulla. Da Baba ya tambaye ni dalilin hawa durom, na gyara tsayuwa na ce ƙasar wurin ce ke lotsawa saboda nauyin abin da muke tarawa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, “Ikon Allah! Boko dai da daɗi.”

Wanda ya fi ɗaure kai shi ne na Juma'a. Ba ma aiki ran Juma'a. Amma ran Asabar da safe in na auna, sai in tarar rijiya ta ƙara zurfi da kusan ƙafa guda. Na rubuta a littafi da hannuna, ko kunya babu. Magana ta fita gari cewa mutanen ɓoye na taya mu haƙa. Wata tsohuwa har fura ta kawo ta ajiye musu a bakin rami, leburorinmu suka shanye suka ce an karɓa.

Ranar da littafina ya nuna saba'in, ƙasar da ke fitowa a guga busasshiya ce ƙamas. Injiniya ya zo, ya duba littafi, ya murza ƙasar a hannu, ya girgiza kai ya ce a fara kwance sanduna. Nan fa wasa ya ƙare. Mata na tsaye can nesa, tuluna a ka, dawowarsu ke nan daga tafki. Gaskiya na ji tausayinsu har cikin raina, amma ina ganin ba laifina, ai lissafi ba ya ƙarya.

Baba ya matso ya cire hula. “Ranka shi daɗe, igiyata gaba goma da rabi ta ce. Ba mu kai ba.” Na yi caraf na ce, “Haba Baba, igiya za a bi ko tef?” Bai kula maganata ba. Sai ya ce, “Ɗana, ran da anka kafa turken ga, ina ka zauna ka ci ɗumame?” Na ce a gindin tsamiya, har na jingina ƙafata da turken. Ina faɗa na waiwaya. Ga tsamiya nan inda take. Turke kuwa yana can saman tudu, ya yi taku ashirin ko fi, yana ta sheƙi abinsa.

Muka bi gonar, sai ga ƙananan ramuka a jere, kowanne an toshe shi da ƙasa an daddanna da dunduniya, kamar an yi shukar gyaɗa. Injiniya ya juyo ya ce, “Ina simintin da na ce ka zuba?” Na sunkuyar da kai na ce ban zuba ba.

Ba a ma nemi mai gonar ba, da kansa ya fito daga cikin mutane ya durƙusa. Ya ce, “Ni na ɗauke shi, ranka shi daɗe. Kullum in na hito masallaci da asuba sai in gusa da shi taki ɗaya ko biyu. Ran Juma'a da ba kowa, in ƙara mashi.” Ashe da ya ga jan ƙarfe na gwamnati, ga kuma raɗe-raɗin da ake yi cewa tunda Turawa sun tafi za a sake shata iyaka, sai ya ɗauka turken iyaka ne. In kuwa haka ne, gonarsa ta faɗa Dahomey ke nan. “Ubana gudun aikin tilas na Faransa ya yo ya sare wagga gona. Ina ji ina gani a maishe ni can? Shi ne na ce bari in kai iyakar bayan gona sannu-sannu.” Bayan gonar kuwa tudu ne, duk takun da turke ya yi sama, sai rijiyata ta ƙara zurfi a littafi.

Injiniya ya yi ta dariya har da riƙe mota. Da ya nutsu aka mayar da turke ramin farko aka sake awo: ƙafa sittin da uku, daidai da igiyar Baba. A ranar na kwaɓa siminti da hannuna, mata na kallo suna ƙunshe dariya.

Kwana huɗu bayan nan, saura ƙafa biyu mu cika saba'in ta gaskiya, Baba ya yi kabbara daga cikin rami. Guga ya fito da yashi mai danshi. Kashegari ruwa ya taru. Gugan farko matar mai gonar aka miƙa wa, wadda ta yi shekara talatin tana tsallaka iyakar da mijinta ke tsoro don ta ɗebo masa ruwan sha. Ta kurɓa, ta dube shi ta ce, “Saura kaɗan ka kai mu Dahomey da ƙishirwa.”

Da za mu tashi mai gonar ya raka ni har bakin mota, ya riƙe hannuna ya ce, “Malam, da ka hwaɗa mani ran da na tambaye ka, da ni ne mai gadin ƙarhen nan.”

Na yi shekaru ina awon rijiyoyi bayan wannan, kuma darasi biyu na ɗauka daga garin. Kafin ka yarda da lissafinka, waiwaya ka ga ko inda ka fara awo yana nan inda ka bar shi. Sannan duk wanda ya tsuguna ya tambaye ka abin da ka kafa a gonarsa, ajiye fensir ka ba shi amsa.