Rusunawar Yaya Habu

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa, kuma har yau in an ambace shi a Birni sai ka ji an ce Allah Ya ji ƙan mai ladabi. Ni ƙanensa ne, kuma yabon nan yana ci mini rai.

Majemi ne. Tun yana yaro yake duƙe a bakin ramin jima, yana murzar fata cikin ruwan bagaruwa, har bayansa ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Daga nan ko'ina ya bi a rusune yake. In ya gifta dattijo, a ce ya gaishe shi. Jaki ma haka yake gifta shi, ba dai mai lura.

Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma wani malamin zaure ya taɓa gaya mini cewa kalmar ladabi daga Larabci muka aro ta, kuma asalinta tarbiyya ce da sanin abin da ya dace. Babu ruwanta da ƙashin baya. Mu ne muka mayar da ita sunkuyar da kai.

Yaya kuwa bai sunkuya wa kowa ba. Wani attajiri ya taɓa zuwa da kansa, wai a bar masa filin majemar ya gina shaguna, tunda wari ya dami jama'a. Yaya ya dube shi daga ƙasa, ya ce, "Alhaji, takalmin da ke ƙafarka a cikin warin nan aka haife shi. Sauka lafiya."

Bana ɗan attajirin ya farfaɗo da maganar. Dattijan unguwa suka tasa Lawali, ɗan Yaya, a gaba, wai ya sa hannu, ya yi koyi da ladabin ubansa. Da Yaya zai ji an ɗauki ciwon bayansa ana raba ɗansa da wurin sana'arsa, abin da zai faɗa ba zai bugu a jarida ba.

Lawali ya zo ya tambaye ni yadda zai yi ranar zaman. Na ce ya durƙusa ya gaida kowa, don sun haife shi; in ya gama, ya ce a'a.

Haka ya yi. Maganar ba ta mutu ba, kuma ban san ko filin zai tsira ba. Yaya bai bar gida ba, bai bar garke ba, ramuka ya bari da yaron nan. Dattijan suka tashi suna cewa bai gado ubansa ba. Ni kuwa da na ji yadda a'ar ta fito daga bakinsa, sai da na fita waje na share ido.