Hannun Malama Rabi da Na Karya

Kafin in lalace, ni ɗan kabu-kabu ne a Sabon Gari, nan Maraɗi. Babur ɗin na kawuna ne, ina samun na tuwo, ba wanda ya taɓa kai ƙarata ko wajen mai unguwa. A bakin ƙofar wani ƙaramin asibiti nake tsayawa jiran fasinja.

Al'adar wurin, duk matar da ta kawo yaro sai ta ajiye katinsa a kan tebur, a jere, ana kira daga na farko. Wata safiya wata Hajiya ta ce in tura mata nata gaba, ta cusa mini ɗan abu a hannu. Na yi, ba wanda ya gani. Na ji daɗin banza, gobe na ƙara. Kafin wata ya mutu na mayar wa kawu babur ɗinsa, na sayi farar riga a gwanjo, na zama mai sayar da layi. Matan ƙauye har durƙusa mini suke suna ce mini likita, ni da ko allura ban iya riƙewa ba. Tir da ni!

Mutum ɗaya ce ba ta ɗaga mini ƙafa ba: Malama Rabi, ma'aikaciyar jinya, ƴar garin Tsibiri. Allah ya ba ta hannu. Jijiyar jaririn da ta gagari kowa, ita ke samun ta. Ta kai ƙarata wajen shugabansu, ya ce ta yi haƙuri, ai ɗan unguwa ne.

Da damina zazzaɓi ya cika asibitin. Ranar da abin ya faru na yi wa matar wani Alhaji alkawarin ita ce ta farko. Malama Rabi ta fito, ko kallon teburin ba ta yi ba. Ta bi layi tana duba yara, ta sunkuci ɗiyar wata mata daga Jiratawa, jikinta na jijjiga, idanunta sun kafe. Matar Alhajin ta taɓe baki ta ce mini, "Ashe dai cika baki ne."

Na tare ƙofa na ce, "Malama, akwai layi fa."

Ta ce, "Layin da kake saidawa? Kauce, ɗiyar ga mutuwa take."

Mata suka kwashe da dariya. Dariyar nan kawai, wallahi, ba wani abu ba. Na ɗauki kujerar ƙarfe na kai mata duka da ita. Ta kare yarinyar da hannunta na dama, na ji ƙarar ƙashi. Ba ta saki yarinyar ba. Maza na zaune a benci tun ina ɗaga murya, ba wanda ya motsa sai da ta kai ƙasa.

Abokiyar aikinta sabuwa ce. Ta yi ta neman jijiya don a sa wa yarinyar ƙarin ruwa, ta soka nan ta soka can, Malama Rabi na zaune a ƙasa tana gumi tana gaya mata inda za ta gwada. Ba a samu ba. Aka ɗauki yarinyar zuwa babban asibiti, ta cika a hanya.

Daga komisariyar ƴan sanda sai gaban alƙali, sai gidan kaso. Abin da ke tayar mini da zuciya har yau, akwai waɗanda suka yi ta dafa mini kafaɗa a ciki suna cewa na yi daidai, ma'aikatan asibiti sun cika wulaƙanci. Ni kuma ƙazami har washe baki nake. Sai da na shekara ina jin ƙarar ƙashin nan a kunnena kafin in fara ƙyamar kaina.

Da aka sake ni na tafi Tsibiri neman gafara. Hannun ya ɗoru a karkace, yana rawa, ta bar yin allura. Ta dube ni ta ce, "Na hannuna na yafe. Na yarinyar ba nawa ba ne. Tafi Jiratawa."

Samari, ku ji ni. In kun raka majinyaci kuka ga an tsallake ku, ku tambaya, galibi wani ne ya fi naku jin jiki. In an yi muku ba daidai ba, akwai shugaba, ku kai masa. Ku ma shugabanni, in ma'aikaciya ta kawo ƙara, ku daina ba ta haƙuri, ku kori mutumin. In kuma kun ji wani ƙato yana yi wa mai jinya tsawa, ku miƙe tun yana tsawar.

Na je Jiratawa. Uwar ba ta gane ni ba, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini ruwa. Na sha, sannan na faɗa mata ko ni wane ne. Ta ɗauke kwanon, ta ce, "Ka san sunan ɗiyar tawa?"

Ban sani ba.