Hatimin Dagaci a Takardun 'Yata

Lokacin kwasar tumatir ne, sanyi ya janye, zafi ya fara leƙowa. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Tumatir ya yi yawa har ya rasa mai saye, kwanduna jere a bakin titi suna tsiyaya, maza duk a ƙufule, kullum faɗa a kan ruwan kanal.

'Yata ta fari tana hidimar ƙasa a kudu. Ta gama digiri a fannin lissafi, tana neman gurbin digiri na biyu a jami'ar Kano da ta yi na farkon. Duk abin da ake buƙata ta haɗa ta aiko ta hannun wani direba, saura abu guda. Ta bugo wayar maƙwabcinmu ta yi mana bayani, ni da babanta. Ana son shaidar mutum uku, kuma dole su kasance cikin malaman jami'ar da suka koyar da ita lissafi. Idan babu, ba za a ko duba sauran ba. Ni iyakar karatuna yaƙi da jahilci, amma wannan ai babu abin ɗaure kai a ciki.

Malam, babanta, ya shiga Kano sau ɗaya neman malaman. Ya tarar da ofisoshin a kulle, ya yini a kan benci, ya dawo ya iske layin ruwansa ya wuce, gonar ta kwana da ƙishi. Daga nan ya ce shi da waɗannan mutanen har abada.

Washegari na ga ya saka babbar riga.

"Malam, Kanon za a koma?"

"Wace Kano? Shaida suke so, zan kawo musu shaidar da ta fi ƙarfinsu. Dagaci, liman, da shugaban ƙungiyar manoman rani."

"Ai malamanta ta ce."

"Su malaman sun san ubanta? Sun san kakanta? Da na nemi fili a wurin hukumar ruwa, wa ya tsaya mini? Ke da kika yi boko da furfura za ki koya mini shaida?"

Na koma kan aikina. Dagaci ya buga hatiminsa, liman ya rubuta cewa yarinya ce mai kunya da tsare salla, shugaban ƙungiya ya ce gidanmu ba a taɓa kama mu da satar ruwa ba. Malam ya kai jami'ar da kansa, aka karɓa, ba wanda ya ce masa uffan. Da yarinyar ta bugo ya ce mata komai ya kammala.

Sai da aka fara dashen shinkafa ta gama hidima ta dawo. Ta je duba sunaye, babu nata. Ta shigo gida da la'asar, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a kan turmi.

"Umma, a gabana aka buɗe fayil ɗin. Wani ya ɗaga takardar yana karanta maganar satar ruwa da ƙarfi, suna ta ƙyaƙyatawa. Ya ce ko in nemi digiri a ban-ruwa?"

Ta ce wata malama ta biyo ta waje, ta ce akwai jeri na biyu da bai fita ba, idan aka kawo shaidar da ta dace kafin kwamiti ya zauna, wataƙila a duba. Amma ita ba za ta iya sake haɗa ido da su ba.

Malam yana alwala ya ce, "To, ba rabo. Baɗi ma shekara ce."

Ban san lokacin da na ajiye ludayi ba. A wurinmu uwa ba ta shiga maganar 'yar fari, ko sunanta ba na kira. Ranar dai kunyar ba ta riƙe ni ba.

"Rabo ne ya hana ka komawa neman malamanta, ko girman kai? Tumatir ɗin da ka tsaya shayarwa, a bakin titi ya ruɓe, awaki ma sun ƙi shi. Yarinyar nan da fitilar ƙwai ta yi lissafin nan har idonta ya lalace. Ta faɗa maka da bakinta, na maimaita maka. Dagaci ya san lissafi? Hatiminsa ma a juye yake buga shi!"

"Ni kike ɗaga wa murya?"

"Ban ɗaga ba tukuna, Malam."

Ya saki baki, buta a hannu. Kuma ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Wanda ya karɓi takardun ya ga dattijo da babbar riga, ya ga hatimi, ya san ba daidai ba ne. Kalma ɗaya ta isa. Ya bar shi ya tafi yana godiya, suka ajiye abin dariya har yarinya ta zo.

Da safe ban dama koko ba. Na yi wanka, na ɗauko atamfar da nake zuwa suna da ita, na je na tsaya a kan yarinyar.

"Tashi ki shirya."

"Umma, me za ki ce musu?"

"Ke za ki yi magana. Ni zama zan yi a ƙofa har su fito, na iya jira."

Malam yana zaure. Na ce, "Mun tafi Kano." Bai hana ba. Muka bi gefen kanal har titi, muka tsayar da motar farko da ta taso daga Bunkure.