Yahuza da Fis Ɗin Baffa Yamusa

Ranar Litinin ce da la'asar, Yahuza na zaune gaban kwamfutarsa yana gwada tsofaffin tambayoyi, sai fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Bai taɓa komai ba. Kafin ya gama salati ta sake tashi da kanta kamar ba abin da ya faru, amsoshi ashirin da ya cike kuwa sun bi iska. Saura kwana goma sha biyu ya zauna jarrabawar neman aiki a wata ƙungiya mai tallafa wa manoma, kuma wasiƙar da suka aiko ba ta da kwana-kwana. Daga gida za a yi, a kwamfuta ba a waya ba, shi kaɗai a ɗaki, kyamara na kallonsa. Duk wanda ya fita daga shafin ana cikin jarrabawa, za a ɗauka satar amsa ya tafi yi.

Yahuza ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi, shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Noma ya karanta. Bautar ƙasa ce ta kawo shi Abuja, da ya gama kuma kunya ta hana shi komawa gida hannu rabbana. Shekara huɗu ke nan yana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare mai zaman kanta a Gwarinpa, yana kwana a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya a Karmo. Mutum ne mai yawan fargaba. Yakan koma ya taɓa kwaɗon ɗakinsa sau biyu kafin ya fita, kuma komai sai ya rubuta a ɗan littafin aljihu. Kowace Juma'a mahaifiyarsa Batulu kan kira shi, tambayarta ɗaya ce: ko an dace? Takardun neman aiki ya aika sun fi a ƙirga. Wannan ne karon farko da aka amsa masa.

Kwamfutar ta tebur ce, tsohuwa, ya same ta lokacin da wani ofis ke fitar da kayan da suka gaji. Washegari ta sake mutuwa sau biyu. Ranar Laraba ya naɗe ta da zanin gado, ya rungume ta a cikin keke-napep har shagon Kingsley mai gyara a Gwarinpa.

Kingsley ba ya sauraron kowa har ƙarshen magana. Ya buɗe ta, ya hura ƙurar ciki, ya ce zafi ne ke damun ta. Ya goge ƙwaƙwalwarta ya mayar, ya shafa sabon man sanyi, daga baya ya wanke duk manhajojin cikinta ya zuba sababbi. Kwana biyu tana kunne a shagon ko tari ba ta yi ba. Yahuza ya kai ta gida ranar Juma'a, kafin magariba ta mutu ta tashi.

Da ya mayar da ita shagon, Kingsley ko ɗaga kai bai yi ba.

"Oga Ticha, injin nan lafiyarsa ƙalau. Kai ne ba ka da lafiya. Ko kana so ka ɓata mini suna ne?"

Yahuza ya rantse. Kingsley ya ce to ya je ya nemi mai ruƙiya, don shi bai karanci aljanun Karmo ba. Mutanen da ke shagon suka yi dariya. Ya sake rungumar kayansa ya fito. Ya nemi aron kwamfutar hannu wurin wani abokin aikinsa, kyamararta ta lalace. Ya roƙi shugaban makaranta ya bar shi ya yi a ofis, shugaban ya ce masa makaranta ba wurin neman hanyar gudu daga makaranta ba ce.

Abin da ya iya kaɗai ya koma wa, wato rubutu. Duk lokacin da ta mutu sai ya rubuta ƙarfe nawa ne, me yake yi, me ya ji a gidan. Ba wutar ce ke ɗaukewa ba a ganinsa, don duk sanda ya danna makunnin ƙwan lantarki sai ya ga haske, kuma a 'yan watannin nan ba a cika ɗauke musu wutar rana ba. Sai ranar Lahadi da ya karanta shafukan a jere ya ga wata magana ta maimaitu sau biyar da rubutun hannunsa: Madam Janet ta ƙwala wa Baffa kira.

Madam Janet maƙwabciyarsa ce, tana da firiza biyu, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Baffa Yamusa kuwa shi ne mai kula da gidan, ɗan'uwan mai gida ne. Ya zo Abuja tun ana gina Gwarinpa, ya yi shekaru yana riƙe wa masu aikin wuta tsani, kuma daga nan ya ɗauki kansa injiniya. A soron gidan akwai wani akwatin katako da wayoyin wuta uku suka shigo cikinsa daga turken waje, makullinsa na cikin gwangwanin goron Baffa.

Yahuza ya bar kwamfutar a kunne, ya bar ƙofarsa a buɗe, ya zauna a bakin ƙofa. Bayan azahar Madam Janet ta leƙo ta ce wuta ta yi ƙasa, firiza ba ta ja. Baffa ya tashi daga tabarmarsa, ya buɗe akwatin, ya zare fis daga layin da ya yi sanyi ya cusa a na kusa da shi. Ko daƙiƙa uku bai yi ba. A cikin ɗaki kwamfutar ta mutu, ta tashi.

Haka ake yi a gidan tun kafin Yahuza ya zo. Layin da ya fi ƙarfi shi ake bi, a wuni sai a sauya sau uku ko huɗu. Da rana ba ƙwai a kunne, ba mai lura. A zafin bana ne sauyin ya yi yawa, saboda kowa a unguwar ya kunna abin sanyi.

Da Yahuza ya bari sai Baffa na shi kaɗai ya durƙusa ya gaishe shi ya faɗi buƙatarsa, da wataƙila labarin ya ƙare a nan. Amma kwana shida yana haɗiyar tsoro, sai ya fito da shi gaba ɗaya a tsakar gida, mata na wanki, maza na sauraron rediyo. Ya ɗaga littafinsa, ya karanta ranaku da lokuta kamar mai gabatar da ƙara. Ya ce abin da ake yi ganganci ne, wata rana sai gidan ya kama da wuta. Har ya ce idan ba a daina ba zai kai maganar gaba.

Baffa ya jira ya gama. Ya tofar da tukar goro.

"Shekara ashirin ina juya fis ɗin nan, ko sauro bai ƙone ba. Yau ɗan boko ya zo da littafi yana ƙirga mini hannu. Kai ta gaba ɗin, ina nan."

"Baffa, awa biyu kawai nake roƙo, ranar Asabar."

"Yanzu kuma roƙo ne? Ai na ɗauka sammaci ka kawo."

Madam Janet ta goge hannu a zaninta ta matso. "Ticha, in ƙanƙara na ya narke, kwamfuta naka zai ba yarana abinci? Kai ɗaya, mu goma."

Daga ranar gidan ya juya masa baya. Yana gaisuwa ana amsawa a ciki. Aka daina ajiye masa layi a famfo. Ya je ya ba Baffa haƙuri har sau biyu, da goro a hannu. Baffa ya karɓi goron, ya ce Allah ya kai mu Asabar ɗin.

Kingsley, da ya ji bayanin, bai ce ya yi kuskure ba. Cewa ya yi ai tun farko ya faɗa injin lafiyarsa ƙalau, kwamfutocin ofis dama akan saita su su tashi da kansu in wuta ta dawo. Ya zaro wani tsohon akwatin ajiye wuta, wanda ake kira UPS, daga ƙarƙashin tebur ya ba shi aro. Ya gargaɗe shi cewa batirin ya tsufa, in ya riƙe minti ɗaya to ya yi ƙoƙari. Yahuza ya gwada a gida da agogo a hannu. Daƙiƙa hamsin. Baffa kuwa uku yake buƙata. A ranar ya ci abinci ya ji ɗanɗanonsa.

Ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya ya kulle ɗaki, ya nuna wa kyamara kusurwoyi huɗu, ya fara. Tambaya sittin ce. Yana ta ashirin da uku akwatin da Kingsley ya ara masa ya yi ƙara, ya yi shiru. An juya fis, kwamfuta ba ta motsa ba. Ya share gumi ya ci gaba.

Yana ta arba'in da shida ya ji muryar Madam Janet a tsakar gida. Akwatin ya sake ƙara, amma wannan karon bai yi shiru ba. Yahuza ba shi da damar tashi, ba shi da damar magana, kyamara na kallon bakinsa. Ya zauna yana ƙirgawa a zuci. Ashirin. Talatin da biyar. Yana jin Baffa a soro yana gaisawa da wani mai wucewa, yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Wutar ta dawo bayan kamar minti biyu. Har sau biyu ya kuskure lambar shiga. Shafin ya karɓe shi, amma da jan rubutu a sama: an lura ya fita, za a duba lamarinsa. Ya ƙarasa tambayoyi goma sha huɗun da suka rage, ba ya iya tuna ko ɗaya daga cikinsu yanzu.

Da ya fito, Baffa na kan tabarmarsa. Ya nuna masa yatsu biyu ya ce fis ɗin ne ya yi zafi, ya jira ya huce, ko so ake ya ƙona hannunsa saboda aikin wani? Yahuza ya dubi yatsun. Bai ga ƙuna ba, amma ya san fis kan yi zafi. Har yau bai san wanne zai gaskata ba.

A yammacin ya rubuta wa ƙungiyar bayani, ya haɗa da hoton akwatin katakon da shafukan littafinsa. Amsa ta zo ta layi ɗaya, cewa an karɓa, kwamiti zai duba. Ya mayar wa Kingsley kayansa. Yana gaida Baffa kullum da safe, Baffa na amsawa ba tare da ya dube shi ba. Ranar Juma'a Batulu ta kira ta yi tambayarta, ya ce mata an yi jarrabawa, ana jira.

Yau kwana goma sha tara. Kwamitin bai ce komai ba tukuna.