Masassaƙi Ya Duba

Ni ɗan gidan mutunci ne, kuma ban faɗi haka don ku ji tausayina ba. A cikin garin Yola aka haife ni, mahaifina ladan ne. Abin da aka fi dukana a kansa ina ƙarami shi ne ƙarya, don haka na tashi ina tsoronta. Har aka rufe ni a gidan yari ban yarda na taɓa yin ƙarya ba, kuma wannan ne ya halaka ni.

Shekarar da aka sami 'yancin kai na gangara Jimeta neman abin yi, na kama aiki a kantin wani attajiri. Ba zan kama sunansa ba. Ya mutu, kuma har yau bakina ya ƙi yi masa addu'a. Wata rana aka kawo masa tsohon keke, ya sa aka shafe shi da fenti, ya ce in ce wa masu saye sabon zuwa ne. Na ce, "Alhaji, ai tsoho ne." Ya ce, "Yaushe ya zo kantin nan?" Na ce jiya. Ya ce, "To ina ƙaryar?" Na sayar da keken, na yi barcina lafiya lau.

Daga nan sai na zarce malamina. In na ce "saura ɗaya", a kan tebur nake nufi, alhali ɗakin baya cike yake. In na ce yadi "irin na Ingila" ne, sai in haɗiye "irin" ɗin a maƙogwaro. Ina rantsuwa da Allah hankalina kwance, don kowace kalma in ka ɗauke ta ita kaɗai gaskiya ce. Mutanen ƙauye na fi so, waɗanda Fulatanci ne a bakinsu, Hausar kasuwa kawai suka iya. Su suna ɗaukar kalma yadda uwarsu ta koya musu, ni kuwa ina juya ta kamar waina. Na san wasunku suna murmushi yanzu, suna cewa mutumin nan gwani ne. Ku rufe mini baki, ba ku ji ƙarshen ba.

Lokacin da aka yi jihohi muka koma ƙarƙashin Maiduguri, na riga na bar kanti na zama dillali a bakin kogi. Ba a yi gada ba tukuna, duk mai son kawo kaya kasuwa daga hayi sai ya bi ruwa. Sai wani kwale-kwale ya faɗo hannuna a banza. Na kira masassaƙi ya duba shi. Ya ƙwanƙwasa cikinsa, ya soka wuƙa ta shige kamar a kabewa, ya ce, "Wannan ya ruɓe, sai dai makamashi." Da ya tafi na cusa tsumma a ramukan, na bi da kwalta.

Wanda ya zo saye wani manomi ne daga wajen Girei, ana ce masa Bappa Hammadu. Dattijo ne mai sanyin magana, bai san jirgi ba, so yake kawai ya riƙa haye da dawarsa da kansa. Ya zagaya jirgin, ya kira ni Hamma, wato yaya da Fulatanci, ya ce da 'yar Hausarsa, "Masassaƙi ya duba?"

Na ce, "Ya duba."

"Wallahi?"

"Wallahi ya duba."

Ya ce, "To, shi ke nan. Matana ma zai shiga, shi ya sa na tambaya."

Na ji wannan maganar da kunnuwana. Da na buɗe baki na ƙara kalma biyu, da tana raye. Ban ƙara ba, na ce a raina ai bai tambaye ni abin da masassaƙin ya ce ba.

Damina ta yi nisa, Binuwai ya cika ya batse. Wata ranar kasuwa suka taso da buhunan dawa, Bappa Hammadu da matarsa Dija. A tsakiyar ruwa gindin jirgin ya buɗe. Masunta suka tsamo shi da rai, ita kuwa sai a ƙasa da gari aka sami gawarta.

Masassaƙin ne ya tona ni, kuma ya kyauta. A gaban alkali na tsaya ina ta gadara, ina cewa a nuna mini ƙarya ɗaya da na yi. Alkali ya ce, "Ya duba ya ce me?" Na ce ba a tambaye ni ba. Ya dube ni ya ce, "Wato dattijon nan so yake ya san ko masassaƙi yana da ido?" Aka ɗaure ni a kan zamba.

Na shiga gidan yari ina jin haushin alkali, na daɗe ina jinsa. Ɓarayin da muke ɗaki ɗaya ma raina ni suka yi. Ɗayansu ya ce mini, "Mu in muka haura katanga mun san sata muke yi. Kai kuwa ka kashe mace kana rantsuwa." Wannan maganar ce ta karya ni. Ina can mahaifina ya rasu, aka ce ya hana a ambace ni a gidansa.

Da aka sake ni na tuba ga Allah, sannan na haye kogi na nemi Bappa Hammadu. Na same shi a gindin bishiya yana tufka igiya, ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na faɗi komai, har abin da masassaƙi ya ce, na roƙe shi gafara. Ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Can ya ce, "Na ji."

Na jira sauran, babu. Ni da na ci abinci da kalmomi na san bambancin "na ji" da "na yafe". Bai yaudare ni ba, abin da ke ransa ya faɗa, bai ƙara ba.

Yanzu in na bi kasuwa na ji 'yan zamani suna "garanti ne", "kusan sabo ne", "ba a taɓa kawo ƙara ba", sai in ji kamar in tofa musu yawu. Ku samari, kada wani tsohon munafuki ya koya muku cewa in kalma gaskiya ce kun fita. Abin da mai saye ya tafi da shi a zuciyarsa, shi kuka faɗa, kuma shi za a tambaye ku. In kun san abin da yake tambaya, ku ba shi amsarsa duka, ko da ciniki zai watse.

Bappa Hammadu ya rasu bai ƙara mini komai a kan "na ji" ba, kuma da ita zan tsaya gaban Allah.