Tafiyar Salma a Telen Jima

Jima Makaniki, haka mutanen Garhanga suke kiransa har yau, ko da yake ya fi shekara ashirin rabonsa da kwanciya ƙarƙashin mota. Lokacin da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita yake kan ganiyarsa, yana cikin masu gyaran manyan motocin da ke kai duwatsu bisa tuddai. A can ya ga Cima, cikin matan da ke jera dutse don tare ruwan sama, kuma kafin wata damina ta zagayo an ɗaura musu aure. Da aikin ya ja baya, sai ya tattara ƙarafansa cikin akwati, ya koma gonar hatsin mahaifinsa.

Sau huɗu Cima ta haihu, ɗaya ce ta rayu, Rahila. Ita kuma ta auri Nazir, wani ɗan Bouza mai sayar da takalma a Abijan, ya tafi da ita can. Shekara biyu bayan tafiyarsu Cima ta kwanta ciwo na kwana tara, ta rasu. Gidan mai ɗaki uku ya zama ɗaya kawai ake buɗewa. Abinci kuwa, Habsa matar maƙwabcinsa ce ke zuba masa, shi yake zuwa bakin zaurensu ya ɗauki kwanonsa, ya dawo ya ci shi kaɗai.

Da Rahila ta haifi ƴa mace aka sa mata Salma, sai ta aiko wa mahaifinta da tele, da ɗan dikoda mai kamo tashoshi da kunna bidiyo, da panno mai cajin batir da hasken rana. Wayar Jima ƙarama ce mai maɓallai, idanunsa kuma sun fara rauni. Saboda haka Rahila takan tura bidiyon yarinyar zuwa wayar Anas, wani magidanci mai shagon gyaran tele da rediyo a Keita. Ranar kasuwa Jima ya hau kabu-kabu ya je, Anas ya zuba masa a ɗan kile, abin ajiyar da ake cusawa a jikin dikoda, ya saka a aljihu ya dawo. Bai taɓa yarda ya kalla a shagon ba. Sai ya iso gida, ya yi sallar la'asar, lokacin batir ya cika, sannan ya ja tabarma kusa da tele.

A haka ya ga jikarsa tana kwance, ya gan ta tana zaune tana cin ayaba, ya gan ta a bayan uwarta. Bai taɓa riƙe ta a hannu ba.

Bana, bayan an gama girbi, aka turo wani bidiyo da ya bambanta da sauran. Salma ce, ta kusa shekara uku, tana gudu a bakin titi daga wannan gefen gilashin tele zuwa wancan. Jima ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya. Gudun nata ba ya tafiya sumul. Jikinta yana fizga, kamar ƙafar tana sarƙewa tana saki, tana sarƙewa tana saki. Ya mayar baya ya sake kallo. Ya matso har numfashinsa yana taɓa gilashin. Abin dai yana nan.

Jima yana da ƙane, Nura, wanda shan inna ya kama suna yara. Shi ya riƙa goya shi zuwa rijiya da masallaci har ranar da Nura ya bar duniya. Yana ganin fizgar nan, abin da ya faɗo masa ke nan.

Washegari ya hau tudun bayan gari inda rezon waya ya fi kamawa, ya kira ɗiyarsa.

"Rahila, mi ya samu ƙahwar yarinyar ga?"

"Wace ƙahwa, Baba? Lahiyarta lau."

"Na gani da idona. Kada ki ɓoye mini."

"Wallahi Baba babu komi. Yanzu ma tana waje tana wasa. Kila idonka ne."

Maganar idon ce ta ɓata masa rai. Ya tuna lokacin ciwon Cima, shi ma lafiya lau ya riƙa ce wa Rahila a waya har saura kwana biyu ta rasu. Ya san yadda ake yin irin wannan ƙaryar, ya san kuma daga ƙauna take fitowa. Ya kashe wayar ba tare da sallama ba.

Mako biyar bai kira ba, in ta kira kuma ya bar wayar ta yi ta kuka a kan taga. Bai gaya wa kowa ba. A majalisar ƙofar masallaci aka lura ya daina tsoma baki a hira, Habsa kuma ta ga kwanonta yana dawowa da rabin tuwo. Kowace la'asar yana gaban tele, yana kallon sakan arba'in ɗin nan, yana ƙoƙarin gane ko ta dama ce ko ta hagu. Wata rana ya tabbata ta dama ce, washegari ya ga kamar ta hagu.

Wata yamma, don gajiya da kallon ƙafar, idonsa ya kauce zuwa bayan yarinyar. Akwai wata motar haya ruwan lemo da ke wucewa a titi. Ya sha ganinta bai kula ba. Yau sai ya bi ta da ido, ya ga ita ma tana fizga, daidai yadda Salma take yi, lokaci guda da ita. Ya miƙe zaune. Ya yi shekaru yana sauraron injuna, ya san mota tana iya shaƙewa, amma ba ta yin haka tare da ɗan mutum a kan ƙa'ida ɗaya. Ya sake dubawa, ya ga har wata mata mai tallar burodi a can nesa haka take tafiya.

A ranar ya jawo tsohon akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Ya kankare bakin batir, ya ɗaure wayoyin panno, ya hure ƙurar dikoda, ya cire igiyar da ta haɗa shi da tele ya mayar. Babu abin da ya sauya. Ranar kasuwa ya naɗe dikodan a cikin rawani ya nufi Keita.

Anas ya saurare shi har ya gama, bai yi dariya ba. Ya haɗa dikodan da telen shagonsa, ya shiga wajen reglaji inda ake saita shi, ya nuna masa wata lamba da yatsa.

"Baba Jima, ka ga hamsin ɗin ga? Ita ce matsalarka. Bidiyo hotuna ne jere, suna wucewa da sauri. Wayar ɗiyarka talatin take ɗauka cikin sakan guda. Shi ko dikoda an ɗaure shi bisa hamsin, sau hamsin yake sabunta gilashi cikin sakan. To, raba mini hamsin ga talatin."

Jima ya lissafa da yatsu. "Ba ta rabuwa daidai."

"Shi ke nan. Wani hoto shi tsaya sau biyu, wani sau guda. Abin da ke zaune ba ka gane komi, shi ya sa ba ka gani ba tun tana jaririya. Amma abin da ke gudu, dole ka ga shina hizga."

"Kamar pinyo biyu na injin mota da haƙoransu ba su dace ba," in ji Jima a hankali.

"Kai ka san wannan, ni ban sani ba. In na mai da shi sittin, kowane hoto sau biyu cif. Telenka na ɗaukar sittin, ni na haɗa maka shi." Ya danna, gilashin ya yi baƙi, ya dawo. "Sai dai tashoshinmu bisa hamsin suke. In za ka kalli labarai, su ne za su riƙa ɗan hizga, sai ka mai da shi. Bari in nuna maka hanya."

"Bar shi bisa sittin."

Anas ya miƙa hannu zai kunna bidiyon, Jima ya riƙe masa wuyan hannu. "A'a. Sai na tahi gida."

Hanyar Garhanga ba ta taɓa yi masa tsawo kamar ranar ba. Ko rigar kasuwa bai cire ba ya haɗa wayoyin. Salma ta fito daga gefen gilashi, ta ratsa da gudu, ƙafafu biyu suna ɗagawa suna sauka daidai, ƴar rigarta tana kaɗawa. Sai yanzu ya lura cewa a ƙarshe takan waiwayo ta yi wa mai ɗauka gwalo. Mako biyar yana kallon ƙafa, bai ga fuskar ba. Ya yi dariya da ƙarfi, ya juya gefensa kamar zai ce wa wani ya duba, babu kowa a ɗakin. Ya goge ido da bakin rawani, ya sake kunnawa.

Da safe ya hau tudu. Rahila ta ɗauka tun bugun farko.

"Baba, mi na yi maka?"

"Ba ki yi komi ba, ɗiyata. Injin ne. Ki yahe mini."

Ta yi kuka, ta yi masa faɗa irin na ɗiya da uba, sannan ta kira Salma ta kara mata waya a kunne. "Gai da Kaka." Jima ya ji numfashin yarinyar kusa ƙwarai. Ya kira sunanta sau biyu, ya tambaye ta ko ta ci abinci. Ta faɗi wata kalma da Faransanci wadda bai kama ba, ta ture wayar.

"Hausarta ba ta nuna ba tukuna," in ji Rahila. "In Allah ya so muna tahowa bayan babbar salla."

Haka ta ce bara ma, kuma Jima bai tuna mata ba. Ya ce Allah ya kawo su lafiya.

Sallar saura wata huɗu. A makon nan ya buɗe ɗakin da ke kusa da nasa, ya fitar da tsofaffin buhuna, ya ga inda ruwan damina ya ci bango ta kusurwar gabas. Ya ari jaki ya ɗebo jar ƙasa daga bakin fadama, ya kwaɓa da kansa. Maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga ya tambaye shi ko baƙi zai yi.

"Wa ya sani," in ji Jima, ya ci gaba da yaɓe.