Sandunan Dokta da Gizagon Baba

A shekarun da na yi ina tuƙa wani likita a unguwar Jisonayili, babu aikin da ya fi ba ni haushi kamar ɗaukar jakar sandunansa. Mutumin ya yi ritaya, ya dawo gida Tamale daga Ankara, can kudu, da wata ɗabi'a da ya koyo, wai ita golf. Ƙwallo ce fara da ba ta fi ƙwan zabo ba, a buge ta da sanda mai kan ƙarfe, a bi ta a ƙafa cikin rana, a sake bugu har ta faɗa rami. Dattijo da furfurarsa! Ni dai nawa tuƙi da ɗaukar jaka, ban taɓa cewa uffan ba.

Sandunan sababbi ne, ɗansa ya aiko masa, irin na kamfani da ake bugawa rututu a cusa a kwali. Kowace da lambarta a ka. Mai lamba bakwai ita ya fi ɗauka, ita ce kuma ta fi ɓata masa rai. Ya saita gabas, ƙwallo ta nufi kudu. Ya zagi iska, ya zagi ciyawa, wata rana har ni ya ce na tsaya masa inda bai dace ba. Da kan sandar ya fara girgiɗi, sai ya miƙo mini ita ya ce in nemo mai walda.

Ban kai wa mai walda ba, Baba na kai wa. Mahaifina masassaƙi ne, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu a zango yake aiki tun ba a haife ni ba. Ƙotar fartanya, ƙotar gatari, taɓarya. Da can manoman Gumani kan jingine kekunansu su yi layi tun kafin ruwan farko. Kuma bai taɓa yanke ƙota ba sai ya tsayar da mai ita ya auna ta da jikinsa, ko da mutum sauri yake yi. Sai fartanyun kamfani suka cika kasuwa da ƙotarsu a haɗe, yanar ido kuma ta fara rufe masa gani. Yayyena suka sa shi gaba da maganar hutu. Ya ce in damina ta wuce ba a kawo masa aikin kirki ba, zai rataye gizago da kansa, ba sai wani ɗa ya koya masa ba. Na san in ya rataye zaman ɗaki zai kama, kuma ina tsoron abin da zaman ɗaki ke yi wa irinsa. Shi ya sa na kai masa sandar, don dai hannunsa ya sami abin taɓawa.

Ya karɓa ya shafa ta daga sama har ƙasa. Jikinta bututun ƙarfe ne siriri, roba a wajen riƙo, kai a ƙasa. Ya tambayi abin da ake yi da ita, na faɗa masa. Ya yi tsaki. Ya gasa wuyanta a garwashi har gam ɗin ya saki, ya zare kan. Sannan ya kafa ƙarshen bututun a kan bencinsa, ya danne tsakiya da tafin hannu har ya ɗan lanƙwasa, ya shiga mirgina shi a hankali. Can sai bututun ya yi wani ɗan tsalle a hannunsa. Ya sake, ya kuma yin tsallen a daidai wurin.

"Ka ji?" in ji shi. "Ga bayanta nan."

"Baba, ƙarfe ne fa."

"To ƙarfe ba shi da baya? Kowace ƙota akwai gefen da ya fi tauri. In ka sa shi a layin sara, sara ya tafi sak. In ka bar shi a gefe, fartanya ta riƙa murɗe wa mutum hannu, ya yi ta zagin gona. Wanda ya haɗa wannan ko dubawa bai yi ba, cusawa kawai ya yi."

Ya aike ni na sayo gam mai haɗi biyu wajen masu kayan babur. Ya yi wa bayan alama da gawayi, ya mayar da kan yadda yake so. Da zan tafi ya tambaye ni ko tsawonta ya yi wa mai ita. Na ce duk cikin sandunansa ita ya fi so. Ya gyaɗa kai.

Ranar Asabar Dokta ya buga, ƙwallo ta tafi sak kamar an ja ta da zare. Ya buga ta biyu, haka. Ya juyo ya dube ni, ya dubi sandar. A hanyar gida na ba shi labarin bayan ƙarfe, ya yi ta dariya har da buga cinya, ya ce lallai kamfani ya cuce shi. Kafin mu shiga gida ya ce in kwashi jakar gaba ɗaya in kai wa tsohon.

Washegari zan kai matar Dokta biki Kumasi, kwana huɗu. Na sauke jakar a gindin darbejiya na ce Dokta ya ji daɗi, ga sauran. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Baba ya miƙe tsaye da sauri irin wanda na daɗe ban gani ba, yana kiran a kawo masa garwashi.

Da na dawo na tarar da su a jere jikin bango. Na tsaya ina kallo, na san akwai abin da ya sauya, amma sai da na ɗauki lokaci kafin na gane. Kansu ɗaya. Da can jakar hawa-hawa take, wata doguwa har ƙirjina, wata gajeriya. Yanzu duk tsawon mai lamba bakwai. Dogayen ya zare musu roba ya datse da zarto. Gajerun ya fiƙe itacen ƙirya ya cusa a bututun ya ƙara musu tsawo, ya mayar da roba, ko alamar haɗi ba ka gani. Aiki dai, wallahi, ya yi kyau.

"Mutum ɗaya, tsawo ɗaya," in ji Baba. "'Yan kamfani kuwa sun yanko masa kowace da nata, ko ganinsa ba su taɓa yi ba. Kwana biyu na yi a kan wannan kaɗai."

Ni da na sha ɗaukar jakar na san da gangan aka bambanta su, doguwa ta nesa, gajeriya ta kusa. Ban taɓa tunanin sai an faɗa wa mutum wannan ba. Na ce sannu da aiki, na zuba su a but ɗin mota.

Dokta ya zaro babbar, wadda yake buɗe wasa da ita, ya ga ta koma 'yar guntuwa. Bai yi ihu ba, ba halinsa ba ne. Ya zaro su ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan mota, sannan ya ce in tayar, yana so ya ga mutumin da ya yi masa wannan da idonsa. Na roƙe shi a hanya, na ce laifina ne, ya sauke a kaina. A haka muka shiga lungunmu.

Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Suka gaisa. Kafin Dokta ya buɗe baki, Baba ya ce ya taimaka ya miƙe tsaye. Ya miƙe. Baba ya riƙa ɗauko sandunan yana jingina kowace da ƙugunsa, yana laluben inda ta tsaya da yatsa, duk wuri ɗaya. Ya kama hannunsa ya ɗora a kan bututu ya nuna masa layin baya. Maƙwabta biyu sun matso suna kallo. Na ga Dokta ya daina duban sandunan, idon Baba yake duba, irin duban da likitoci ke yi.

"An gode, Baba," ya ce. "Allah ya saka da alheri. An gode ƙwarai." Da zai shiga mota ya sake juyowa ya ce an gode.

A hanya abu biyu ya faɗa mini. Na farko, in kawo tsohon asibiti a duba idon nan, ana cire irin wannan yanar. Na biyu, in cire masa mai lamba bakwai, sauran kada ya ƙara ganinsu. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an rufa asiri an wuce wurin.

Bayan la'asar na koma gida. Baba na zaune a bencinsa, babu komai a hannunsa.

"Zo nan," ya ce. "Tun ina saurayi nake wa mutane aiki. Wanda aikinsa ya yi kyau ɗauka yake yi ya gwada sara a ƙasa, ya nemi ragi, ya tafi. Wannan bai gwada ko ɗaya ba, kuma sau uku yana godiya. Me na ɓata?"

Na yi niyyar ƙarya, amma ban iya ba. Na faɗa masa yadda abin yake, doguwa ta nesa, gajeriya ta kusa. Na ce ni ne ban yi bayani ba.

"Bayan ƙarfen fa?" in ji shi. "Shi ma ba daidai ba ne?"

"Daidai ne, Baba. Ko kamfanin bai iya shi ba."

"To. Amma na yanke abin mutum ban tsayar da shi ba."

An yi masa aikin idon daga baya, ya kuma gani tangaran, har yana karanta lambar mota daga ƙofar gida. Amma tun a yammacin nan ya naɗe gizagon a tsohon buhu ya miƙo mini, damina ko rabi ba ta yi ba. Na ce ni direba ne, ban iya sassaƙa ba. Ya ce ya sani, in dai ɗauke masa shi daga nan.